Kek ɗin aure babu alkama babu waken suya: yadda aikin ya kasance a Aboabo

Odar ta iso ne ta saƙon murya a WhatsApp, saura wata biyu biki. Amarya 'yar Aboabo ce a Kumasi, tana aikin jinya a Ingila. Can ne likitoci suka tabbatar tana da cutar siliyak, wadda ke hana mai ita cin alkama, bayan ta daɗe tana fama da kumburin ciki da ƙarancin jinin da ba ya jin magani. Abin da take so shi ne kek mai hawa uku da ƙananan kek na kofi guda 120, a kan sharaɗi biyu: kada alkama ta kusance su, kuma kada waken suya ya shiga ko ta wace fuska. Sharaɗi na biyu ba don ita ba ne, don ɗan yayar ango ne, yaro ɗan shekara 6 wanda jikinsa ke yin rudu-rudu, leɓɓansa su kumbura, da zarar ya ci abin da ke da waken.

Mai kek ɗin matashiya ce da ta yi shekaru tana gasa kek ɗin suna da na walima a Aboabo da Asawase, tana da 'yan koyo biyu. Ba ta taɓa karɓar irin wannan aiki ba. Ta yarda a rubuta yadda ta yi, muddin ba a ambaci sunanta ko na gidan bikin ba.

Matsala biyu ce, ba ɗaya ba

Abu na farko da ta yi, kuma a ganina shi ya tsare ta daga ɓarna, shi ne ta ƙi haɗa lalurorin biyu wuri guda. Siliyak ba alaji ba ce, wato borin jiki irin wanda ke tashi nan take bayan cin wani abu. Gulutin, wato sinadarin da ke cikin alkama da sha'ir da hatsin rai, wanda ke sa kwaɓin burodi ya yi danƙo, shi ke tunzura garkuwar jikin mai cutar ta far wa bangon ƙaramin hanji, har abinci ya daina shiga jiki yadda ya kamata. Mai cutar zai iya cin ɗan kaɗan yau bai ji komai ba, alhali ɓarnar tana gudana a ciki. Na yaron kuwa cikin mintoci yake bayyana, idan ya yi tsanani har numfashi yana iya tsayawa. Ma'ana, kuskure a kan amarya ba lalle a gan shi a wurin biki ba, kuskure a kan yaro kuwa a gaban jama'a zai fito.

Uwar amarya ba ta ɗauki zancen da zafi ba da farko. A wurinta wannan ciwon Turawa ne da yarinya ta kwaso a can. Ranar da mai kek ta je gaishe ta don a daidaita farashi, sai ta ce: "'Yata, duk wannan wahala ta mece ce? Ki yi mata na sama shi kaɗai da garin nata, sauran biyun ki yi da fulawa kamar yadda kika saba. Ai ɗan yanka ɗaya za ta ci a ɗauki hoto."

Ita kuwa ta ce: "Mma, wuƙa ɗaya ce za ta bi ta kansu duka. Ɓurɓushin na ƙasa zai hau na sama tun a mota. In dai ni zan yi, to duka ukun iri ɗaya za su zama."

Gaskiya tana wajen mai kek, kuma lissafi ya nuna haka. Ƙa'idar Codex Alimentarius, kundin ƙa'idojin abinci na duniya, wadda Tarayyar Turai ke bi, Amurka ma ta ɗauki kusan irinta tun 2013, ta ce ba a kiran abinci marar gulutin idan ya wuce miligiram 20 a kowane kilo. Kusan kashi ɗaya cikin goma na fulawa gulutin ne. Ke nan fulawar da ba ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na giram ba, abin da zai maƙale a ɗan yatsa, ta isa ta fitar da kilo guda na kek daga ƙa'ida. Zafin oben kuma ba ya kashe shi, domin ba ƙwayar cuta ba ce. Batun ciwon Turawa ma bai tsaya ba. Ana ƙiyasta kusan mutum 1 cikin 100 a duniya na da shi, kuma ɗaya daga cikin wurare mafi yawansa da aka taɓa aunawa a Afirka yake: binciken da aka buga a 1999 ya samu kashi 5.6 cikin ɗari a tsakanin yaran Sahrawi. Mu nan dai gwajin ne ba a cika yi ba, sai a yi ta shan maganin olsa da na basir.

An sasanta a kan cewa babban kek da ƙanana 120 duk za su bi sharaɗin. Waɗanda za a zuba a jakar tsaraba ta baƙi, guda 200, wata mai kek daban za ta yi su da fulawa, a gidanta, cikin kofi mai launi daban, kuma ba za su taɓa hawa teburin amarya ba.

Gari yana nan, injin ne damuwa

Wanda bai san Kumasi ba zai ɗauka neman gari ne zai ba da wahala. Ba haka ba ne. Gana ba ta noma alkamar a zo a gani, shigo da ita ake yi a niƙa a Tema da Takoradi. Abin da ƙasar ke da shi da yawa kuwa, shinkafa da masara da gero da dawa da rogo da aya, har da accar da ake nomawa wajen Chereponi, babu gulutin a ko ɗaya. Matan zango sun gaji masa da ƙosai da fura da koko da tuwon zafi, duk ba ruwansu da alkama. Zagaye ɗaya a kasuwar Kejetia ya isa a cika buhu.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen niƙa. Mai kek ta je injin da gidansu suka saba kai masara, ta tsaya tana kallo kafin layi ya zo kanta. Matar da ke gabanta tom brown ta kawo: soyayyar masara da gyaɗa da waken suya. Wadda ta riga ta kuwa alkama ce ta kunu. A ɗakin da ke manne da wurin ga injin murza kwaɓin burodi yana aiki, ƙurar fulawa ta yi fari a kan katakon rufi da gashin idon yaran da ke ɗaukar kaya. Shi mai injin, dattijo ne mai haƙuri, tsakanin niƙa da niƙa abin da yake yi bai wuce ya buga mazurarin da tafin hannu sau biyu ya share baki da tsumma ba.

Ta ce: "Baba, in na zo da asuba kafin kowa, za a iya wanke mini shi?"

Ya yi dariya ya ce: "'Yata, in kwance faifan nan in wanke, sai rabin yini ya tafi. Kuma ko na wanke, abin da ke cikin haƙoransa ba ya fita. Sai dai in fara zuba miki shinkafa mudun olonka ɗaya ta wanke hanya, ki zubar, sannan mu niƙa taki."

Shawarar ba ta banza ba ce, haka masu niƙa ke yi idan ba a son ɗanɗanon barkono ya bi gari. Amma a nan ba ɗanɗano ake gudu ba. Inji ɗaya ya haɗa abokan gaba biyu, alkama da waken suya, kuma babu yadda za a auna abin da ya rage bayan wannan wankin. Haka nan garin shinkafar da ake sayarwa a buɗe a kasuwa, ba wanda zai iya cewa ga injin da ya fito. Don haka ta sayi ƙaramin injin niƙa busasshen kaya na gida, sabo fil, da rariya sabuwa, ta sa kuɗinsu cikin lissafin aikin.

Shinkafar tuwo ta zaɓa, fara wadda ba a turara ba, domin turararriya tana ba da launi da ƙamshin da bai dace da kek ba. Sai da 'yan koyonta suka baza ta a faranti suka tsince ta ƙwaya-ƙwaya, saboda mudun da ya auna alkama shi ke auna shinkafa a wajen mai hatsi, kuma sun tsinci ƙwayoyin alkama kaɗan a ciki. Aka wanke, aka jiƙa na 'yan sa'o'i kamar za a yi masa, aka tsane, aka shanya a ɗaki ƙarƙashin gidan sauro saboda ƙurar hunturu, sannan aka niƙa aka tankaɗe sau biyu. Jiƙon nan shi ke sa gari ya yi laushi. Wanda aka niƙa a bushe yakan bar tsaki-tsaki a harshe, kuma shi ne babban abin da ke tona asirin irin wannan kek.

Sitacin rogo ma da kanta ta yi: ta goge rogo, ta tace da ruwa, ta bar shi ya kwanta, ta tsiyaye, ta shanya. Na kasuwa yawanci don guga ake sayar da shi, ba a kula da tsabtarsa. Kokonte kuwa, wato garin busasshen rogo, ta gwada ta ajiye, domin tsaminsa da duhunsa sun rinjayi komai. Aya ta Kwahu ta samu, ta soya sama-sama ta niƙa.

Inda waken suya ke ɓuya

Wannan ɓangaren aikin ido ne, ba na hannu ba. Ta kwashe yini tsakanin kantunan kayan kek na Adum da manyan shagunan Asokwa tana karanta bayan kwali. Majarin, wanda shi ne ƙashin bayan kek ɗin kasuwa a nan, sau da yawa yana ɗauke da lesitin na waken suya, sinadarin da ke haɗa mai da ruwa, wani lokaci a rubuce da lamba E322 kawai ba tare da an faɗi tushensa ba. Cakulan ɗin narkawa haka. Man fesawa a gwangwani haka. Man da aka rubuta wa "na ganye" ba tare da bayani ba zai iya zama gauraye. 'Yan ƙwayoyin ado masu launi da ake barbaɗawa a kan kek kuwa wasunsu sun haɗa duka biyun, sitacin alkama da lesitin. Ga kuma al'adar kantunanmu ta sayo babban buhu a ƙulla a ƙananan leda babu rubutu. Duk abin da ya zo a haka ta bar shi, komai arharsa.

Akwai wata ƙofa da za ta iya bi. Dokokin Amurka da na Tarayyar Turai sun cire man waken suya da aka tace sosai daga jerin abin da dole a yi gargaɗi a kansa, domin furotin ɗin da ke tayar da alaji kusan duk ya fita. Mafi yawan masu lalurar suna cinsa lafiya. Amma mai kek ba likita ba ce, kuma ba ta san yadda aka tace man da ke cikin jarka a Kejetia ba. Ta kira uwar yaron ta tambaya, aka ce likitansa ya hana duka. Magana ta ƙare.

Abin da ya rage mata shi ne bota ta gaskiya ta madarar shanu, da man furen rana mai cikakken rubutu, da garin koko zalla. A ƙasar da ke biye da Kodibuwa wajen noman koko a duniya, wannan na ƙarshe bai yi wuya ba. Bekin foda ma ta haɗa nata, tunda wasu da sitacin alkama ake cika su: kashi ɗaya bekin soda, kashi biyu kirim ɗin tata (wani farin gari mai tsami), kashi ɗaya sitacin masara. Zantan gam, garin da ke sa kwaɓi danƙo, shi kaɗai aka aiko mata daga Ingila ta hannun wani ɗan uwan amarya, wanda kwalinsa ya fayyace babu gulutin babu waken suya, domin shi ma wasu kamfanoni a kan waɗannan suke renon ƙwayoyin da ke samar da shi.

Kwaɓi

Gwajin farko da garin shinkafa zalla ya fito da kyau a ido, amma wuƙa na shiga ya wargaje kamar dambu. Gulutin ne ke riƙe iskar da ke cikin kwaɓi ya kuma ɗaure ɓurɓushin, to idan babu shi dole a raba aikinsa ga wasu. Haɗin da ta tsaya a kai, a kowane kilo: garin shinkafa giram 600, sitacin rogo 200, sitacin masara 100, garin aya 100, zantan gam giram 5. Rogo ke ba da ɗan danƙo, masara ke sa shi sakayau, aya kuma ta kawo maiƙo da gardi. Da ta kai ayar giram 200 sai ya koma kamar da yashi a ciki. Zantan ma in ya yi yawa kek ya zama roba.

Ga gwangwani ɗaya mai faɗin inci 8: haɗin gari giram 300, suga 280, ƙwai 4, bota giram 120, mai mililita 80, kindirmo marar suga mililita 180, bekin foda giram 12, gishiri kaɗan. Komai a sikeli. Awon gwangwanin madara da aka saba ba ya aiki a nan, saboda waɗannan garurruka nauyinsu ya bambanta da na fulawa, kuma kofi ɗaya na yau ba lalle ya zo daidai da na gobe ba.

Dabaru biyu ne suka canza sakamakon. Na farko, bayan ta haɗa kwaɓin takan rufe shi ya huta minti 30 don garin shinkafa ya sha ruwa. Na biyu ya biyo bayan na farkon ne: bekin fodar gida tana tashi ne da zarar ta jiƙe, ba ta jiran zafi kamar ta kanti, don haka in an zuba ta tun farko ƙarfinta zai ƙare a lokacin hutun. Sai ta riƙa tankaɗa ta a kai a ƙarshe, ta juya da sauri, ta zuba a gwangwani, sai oben. Wani sauƙi guda: a kek ɗin fulawa ana tsoron yawan bugu kada ya yi tauri, a nan kuwa babu wannan fargaba.

Wuta ta rage zuwa digiri 160, lokaci ya ƙaru. Tsinken gwaji yana yaudara a irin wannan kek, yakan fito a bushe alhali tsakiya da saura, don haka da ma'aunin zafi ta yi aiki, sai ciki ya kai wajen digiri 97. Hawan ƙasa ta sa masa citta da kanumfari, ƙamshin kokon safe da kowa ya sani, na tsakiya banila, na sama koko. Ni dai a ganina na cittar ya fi, kuma ba don komai ba sai don yaji yana rufe ɗan ɗanɗanon shinkafar da banila ba ta iya ɓoyewa. Na kokon ya ɗan bushe ko da ta ƙara kindirmo, garin koko akwai shan ruwa.

Kafin ranar gashi ta dakatar da duk aikin fulawa na kwana biyu, ta miƙa wa wata abokiyar sana'a odar mitfai da ke hannunta. Ƙurar fulawa takan yi sa'o'i a iska kafin ta sauka, fankar oben kuma ta tayar da wadda ta kwanta. An wanke bango da tebur da cikin oben, an busa ramukan iskar injin bugu, an kai muciya da katakon murji da tsoffin gwangwanaye masu tsatsa a kusurwa wani ɗaki an kulle. 'Yan koyo ma an hana su shigowa da burodin shayinsu, ƙaramar ta yi ta gunaguni tana cewa, "Madam, har abin karin kumallo?"

Irin wannan kek yana saurin tsufa, kuma firij na ƙara masa tauri, don sanyinsa ne ke sa sitaci ya ƙanƙame. Firiza ta fi. Ta gasa manyan ranar Alhamis, daidai lokacin da aka sa amarya a lalle, ta naɗe su da ɗuminsu kaɗan, ta daskarar. Ƙananan sai Asabar. A nan ne aka yi asara: gas ya ƙare ana tsaka da gasa tire ɗaya, guda 24 suka faɗa a tsakiya, sai da aka sake kwaɓi cikin dare da ragowar garin da, da ma, ta niƙa da rara.

Kirim da zafin Fabrairu

Bota takan fara narkewa tun wajen digiri 32, rana kuwa a Kumasi a Fabrairu tana wuce haka. Masu kek na nan suna tsira ne da majarin da farin kitsen gashi da fondan, wato kwaɓin sugan da ake lulluɓe kek da shi, duka kuma an rufe mata ƙofarsu. Sai ta koma ga kirim ɗin farin ƙwai: a dama farin ƙwai da suga a kan tururi har digiri 71, a buga ya yi kumfa ya huce, sannan a riƙa jefa bota. Ya zo da wata riba kuma, domin da suga mai tsaki ake yinsa, ba a bukatar sugan aisin wanda shi ma ake gauraya shi da sitacin da ba kullum ake faɗin na mene ne ba. Launin ruwan hoda da zoɓo ta yi, wanda ta dafa ya yi kauri. Ado kuwa ribon da furannin roba da aka wanke.

Sauran maganin zafi ba a kwano yake ba, a tsari yake. Ta shafa kirim siriri, ta roƙi a mayar da yankan kek bayan magariba, ta yi magana da mai shagon kankara na kusa ko da za a ɗauke wuta. Hawa ukun daban-daban aka ɗauke su a tasi mai na'urar sanyi, ba a pragya mai ƙafa uku ba, aka haɗa a wurin da ƙarin sanduna da faifai a ƙarƙashin kowane hawa, tunda wannan kek bai da ƙarfin ɗaukar nauyi kamar na fulawa.

Ranar Lahadi da abin da ya biyo baya

An ɗaura aure da safe, liyafa da yamma. Mai kek ta zo da wuƙarta da farantanta, ta kuma tsayar da babbar 'yar koyonta a gindin tebur, ba ta da wani aiki sai tsaro. Ya yi amfani. Wata gwaggon amarya ta iso da tire cike da pinkaso da bofrot, soyayyun kayan fulawa, tana neman wurin ajiyewa, ta ga teburin kek da fili. Yarinyar ta durƙusa ta ce, "Hajiya, ku yi haƙuri, an ce kada a ɗora komai a nan," ta karɓi tiren ta kai wani wuri. Gwaggo ta tafi tana faɗin yaran zamani.

Abin da ba wanda ya yi tunaninsa shi ne abin sha. Bayan ango da amarya sun ba juna kek a baki, mai gabatarwa ya sa aka kawo lemun malt a kofuna masu tsawo, kamar yadda aka saba a bikin Musulmi a nan. Malt kuwa yawanci daga sha'ir ake yinsa. Amarya da kanta ta lura, ta ɗaga kofin aka ɗauki hoto, ta ajiye ba ta kurɓa ba, aka kawo mata sobolo, wato zoɓo. Yaron ya ci kek biyu na kofi a gaban uwarsa, ba abin da ya same shi.

Ranar Talata sai ga waya: amarya na kwance da ciwon ciki da gudawa. Kafin azahar zance ya zaga cewa kek ne. A unguwa irin Aboabo, inda odar gobe ke fitowa daga bakin matan da suka ci na jiya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Abu biyu suka taimaki mai kek. Ta ajiye yanka ɗaya daga kowane hawa da ƙananan kek biyu a firiza, da kwanan wata a jiki, tare da kwalayen duk abin da ta yi amfani da shi. Amarya kuma ta zo da 'yan tsinken gwajin gulutin na gida daga Ingila, waɗanda da su aka gwada garin tun kafin a fara. Aka gwada abin da aka ajiye, bai nuna komai ba. Wannan ba hujja ce yankakkiya ba, domin tsinken ɗan gutsure kawai yake gani, gurɓata kuma ba ta bazuwa daidai a ko'ina. Amma da aka bi abin da amarya ta ci daga Lahadi zuwa Litinin, sai aka tarar ranar buɗan kai a gidan ango an zuba mata waakye, wato shinkafa da wake, ta ce kada a sa taliya, aka kwashe taliyar daga kan farantin da cokali aka miƙo mata sauran. Miyar ma da dunƙulen ɗanɗano aka yi, wasunsu kuma suna da alkama a ciki, ba wanda ya duba. Kunya ta hana ta mayar da abinci a gidan surukai ranar farko.

Amaryar ce ta yi saƙon murya zuwa zauren matan dangi ta wanke mai kek. Uwarta kuma, wadda da farko ta so a yi hawa ɗaya kawai, ita ta taka har gidan surukan ta zauna da uwar ango a kan yadda za a riƙa ware wa 'yarta tukunya da ludayi kafin ta koma.

Ta fuskar kuɗi aikin bai yi armashi ba. Ta yi farashi ninki biyu na kek ɗinta na yau da kullum, tana ganin ta yi tsada, amma bota ta gaskiya, da injin da rariya da gwangwanaye sababbi, da kwana biyun da ta rufe aikin fulawa, da tiren da ya lalace, sun cinye kusan duk ribar. Kuskuren lissafin yana wajen kwanakin rufewa da ladan tsintar shinkafa da niƙa, waɗanda ba ta sa su a farashi ba sam. Yanzu tana lissafa su daban, tana neman sanarwar mako uku, kayan aikin kuma suna cikin akwatin roba mai murfi a ɗakin da fulawa ba ta shiga. Tana kuma rubuta wa mai oda a takarda abin da ta sa da abin da ta kiyaye, da cewa kicin ɗinta ana aikin alkama a cikinsa sauran ranaku, ya sa hannu.

Wata uku bayan bikin wata mata daga Tafo ta nemi ta yi mata irinsa na suna, rabi da fulawa rabi babu, a tire ɗaya, kuma nan da kwana huɗu. Ta tambaye ta ko lalura ce ko sha'awa, matar ta ce mijinta ne likita ya hana shi alkama. Ta ba ta haƙuri, ta ce tire biyu da mako uku, ko kuma ta yi masa masa da zuma a rufe daban. Matar ta zaɓi masar.